Nomau da Hotunan Littafin Baba Tunau

A ƙauyenmu na Kanyar Magina akwai wani gida a bakin hanyar rafi, wanda duk baƙon da ya zo wucewa sai ya tsaya ya dubi fuskar zaurensa. Gidan Baba Tunau ke nan, maginin da ya yi wa rabin garin nan soraye, ya kuma ƙawata bangonsu da zane, tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. 'Ya'yansa biyu ne suka rayu. Babban shi ne Nomau, magidanci ne, matarsa Dela. Mutum ne mai ƙarfi da ladabi, amma Allah ya yi shi da hali guda: abin da aka gaya masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da yana ganin ɓarnar da idonsa. Ƙaramar ita ce Asabe, wadda ta yi karatu har ta zama malama a wata makarantar birni, ba ta zuwa gida sai ƙarshen mako.

Tun yana matashi aka san Nomau da wannan hali. An taɓa yin ranar da Baba ya hau rufin wani soro, ya ce masa ya riƙe tsani har ya sauko ta kansa. Da Baba ya gama aikinsa sai ya bi ta katangar maƙwabci ya dire, ya tafi gida, ya ci abinci, ya yi sallar azahar. Sai da la'asar ta yi sanyi aka tarar da Nomau rungume da tsani, rana ta gasa shi, yana jiran a sauko ta inda aka ce.

To, zamani ya juya. Masu gidajen da Baba ya gina sun rushe wasu sun yi na bulo da kwano, damina ta ci sauran. Daga aikinsa babu abin da ya rage sai zauren gidansa, da wasu tsofaffin hotuna da suka koɗe, da abin da ke cikin kansa. Ana haka ciwon suga ya taɓa masa idanu. Likita ya ce babu aikin da za a yi musu, haskensu zai yi ta raguwa ne har ya ɗauke. Baba bai yi kuka ba. Abu ɗaya ya roƙi 'ya'yansa, wato a tattara masa zanensa cikin littafi, ya gan shi da idonsa kafin duhu ya rufe.

Asabe ta sayo tsohuwar kwamfuta ta tebur da ƙaramar sola, ta ajiye a ɗakin da ke jikin zaure. Duk ƙarshen mako sai ta zauna kusa da Baba, yana kwatanta mata, tana sake zana kowane zane a kwamfutar, tana rubuta tarihinsa a ƙasa. Sauran aikin tsakiyar mako kuwa dole ta bar wa Nomau, domin babu wani a gidan, kuma shi duk maɓallin da aka nuna masa sau ɗaya ba ya mantawa. Ta bayyana masa cewa littafin da ake tsarawa a kwamfuta ba ya riƙe hoto a cikinsa. Kowane shafi sunan hotonsa kawai ya sani, da foldar da aka ajiye shi, kamar ɗan aike da aka ba sunan mutum da unguwarsa. Idan sunan ya canza, ko aka matsar da hoton, shafin zai dawo da farin akwati babu komai a ciki. Nomau ya ce ya ji.

Wata rana Asabe za ta koma birni, mota tana jiranta, ta ce masa ya fitar da zanen kowane babi ya zama hoto, ya tara su a folda ɗaya. Ya tambaye ta yadda zai yi idan kwamfutar ta yi masa tambaya, domin ba ya jin Turancinta. Ta ce, tana ɗaura mayafi, duk abin da ta tambaye shi ya danna maɓallin amincewa. Ashe ita kwamfutar, idan ba a ba ta suna ba, da kanta take raɗa wa hotuna, hoto na ɗaya, hoto na biyu, kuma kowane babi sai ta koma ta fara daga ɗaya. Da Nomau ya zo babi na biyu, ta tambaye shi ko ta shafe na farko ta ɗora sabon a madadinsa, tunda sunansu ɗaya. Ya amince. Haka ya yi ta amincewa har babin ƙarshe, wanda shi ne na rumbuna da akurkin kaji. Ranar Asabar Asabe ta dawo, ta jawo wa Baba kujera har gaban kwamfutar, ta buɗe shafin farko, inda aka rubuta cewa wannan shi ne soron da ya fi alfahari da shi, na gidan Sarkin Fawa. Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Asabe, ko idona ya ƙarasa mutuwa, ko kuwa Sarkin Fawa a akurki ya yi rayuwarsa."

Dela, da ke tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, ta ce ai gara da aka gano, ta daɗe tana mamakin yadda mutumin nan yake tashi tun kafin kowa. Babu wanda ya taya ta dariya. Aka buɗe shafin masallaci, aka tarar da rumbu. Aka buɗe zauren Dagaci, aka tarar da wani akurkin. Nomau ya ce sau da yawa ya ji abin bai kwanta masa ba, amma an ce ya amince.

Wata rana kuma, bayan ta ɓata hutunta wajen gyara, Asabe ta ce masa daga yanzu kada ya bar kwamfuta ta raɗa suna. Shi zai ba kowane hoto sunansa, sunan da zai faɗi komai game da shi, yadda biyu ba za su taɓa zama ɗaya ba, sannan ya rubuta wannan sunan a shafin da ke kiran hoton. Nomau ya ɗauki tabarma ya zauna gaban mahaifinsa, yana tambayarsa komai game da kowane zane. Baba kuwa an taɓo masa inda yake so, ya yi ta ba da labari. Sunan hoton farko ya zama: soron da Baba ya gina wa Sarkin Fawa shekarar da rafi ya cinye gonar Barmo, aka kwaɓa ƙasar da ruwan rijiyar gabas domin ta yamma ta yi gishiri, ranar da aka ɗora azara kuma kunama ta harbi lebura. Na biyu ya fi wannan tsawo, domin a cikinsa har da sunayen waɗanda suka ci tuwon aikin. Kwamfutar ta karɓi abin da za ta iya, ta datse sauran, kowane suna ta yanke shi a inda ta ga dama, ya daina dacewa da wanda ke rubuce a shafi. Da Asabe ta buɗe littafin, fararen akwatuna ne daga farko har ƙarshe.

Ta juyo ta ce, "Yaya, suna na ce, ba tarihi ba."

Ya ce, "Kin ce ya faɗi komai. Har yanzu ma akwai abin da ban sa ba, Baba ya yi barci kafin ya ƙarasa."

Baba yana zaune a gefe, ya tambaya ko an buɗe, domin shi fari kawai yake gani. Asabe ta ce masa wutar sola ce ta yi rauni. Baba ya ce a makon nan ya daina rarrabe fuskar Dela da ta maƙwabciyarsu sai sun yi magana. Asabe ta fita tsakar gida, ta tsaya a bayan rumbu inda ba za a gan ta ba.

Daga nan ta daina ba Nomau aikin suna. Da hannunta ta raɗa wa kowane hoto gajeren suna, sunan babi da lamba, ta yi wa kowane babi foldarsa, ta bi shafi bayan shafi tana nuna masa inda hotonsa yake. Makonni suka wuce a haka, damina ta kankama. Littafin ya tsaya daidai.

Wata rana aka tsare ta da jarrabawar ɗalibai, ba ta sami zuwa ba, sai ta kira shi a waya. Ta ce ya ɗauki filash, wato ɗan abin nan da ake kwafe aiki a ciki, ya kwafi littafin ya kai wa mai maɗaba'a a birni. Da yake ta san kwamfutar cike take da takardun makarantarta, ta ja masa kunne cewa littafin kaɗai zai ɗauka, kada ya haɗa da komai. Nomau ya kwafi littafin kaɗai. Ya dubi foldojin hotuna suna jere a gefensa, ya ga ba su ne littafin ba, ya bar su. Ya hau motar kasuwa, ya sha hanya, ya isa. Mai maɗaba'a, wani dattijo mai tabarau da ake kira Malam Jatau, ya buɗe, ya yi ta juya shafuka, sannan ya tambaye shi ko littafin koyon zane ne na yara, wanda ake bar musu fili su cike da kansu. Nomau ya ce a'a, na mahaifinsa ne. Malam Jatau ya nuna masa cewa kowane shafi yana neman hotonsa a wata folda da ke cikin kwamfutarsu ta gida, ba a nan ba.

Ya ce, "Ɗan'uwa, muddin ba kwamfutar nan taku ke gabana ba, littafin nan haka zai yi ta buɗewa fari."

Nomau ya yi godiya, ya koma gida.

Washegari bai nemi shawarar kowa ba, domin a ganinsa magana ta fito fili. Ya kwance kwamfutar, ya naɗe ta da zanen Dela, ya ɗora a ka. Motar kasuwa ba ta zuwa ranar, sai ya yanke ta rafi domin ya tari ta babban titi. An kwana ana ruwa, rafi ya kawo. Masu tsallakar da mutane suka ce ya dakata ruwan ya ja, ya ce an ce a kai ta gaban Malam Jatau, ba a ce a jira rafi ba. Ya shiga. A tsakiya ƙafarsa ta zame, ya nutse har wuya, kayan kansa suka sha ruwa kafin ya cafko su. Haka ya isa maɗaba'a, ya dire kwamfutar a kan tebur tana ɗiga, ya ce ga ta a gabansa. Malam Jatau ya cire tabarau, ya dafe goshi, ya ce da ya sani da ya ce masa foldar hotuna kawai ake bukata, abin da zai shiga aljihu.

Kwamfutar ta daɗe a wurin mai gyara. Kullum sai ya ce ana jiran wani abu daga Kano, kuma bai yi alkawarin aikin da ke ciki zai tsira ba. A wannan zaman jiran ne gidan ya yi sanyi. Baba ya daina tambayar littafi. Ya daina fita zaure sai an riƙe masa hannu, ya fara lalubar kwanon abinci kafin ya same shi. Dela ta daina zolayar mijinta, abinci kawai take ajiye masa ta tashi. Nomau kan zauna a ƙofar ɗakin da kwamfutar take a da, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa shi bai taɓa ƙin bin maganar kowa ba, bai san dalilin da ya sa komai yake lalacewa a hannunsa ba. Asabe ta zo wani ƙarshen mako, ta same shi a nan. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga ya rame, ta fasa. Ta ce masa kawai Baba ba zai ga littafin nan ba, su fara saba wa zukatansu.

Cikin ikon Allah aikin ya tsira. Asabe ta karɓo kwamfutar, ta tattara littafin da hotunansa duka a cikin babbar folda guda, ta gyara kowane shafi ya nemi hotonsa a nan cikinta, yadda duk inda aka kai foldar littafin zai buɗe daidai. Ta gwada a kwamfutar makarantarsu, ya buɗe. Ta so ta kai da kanta, amma aka tura ta taron malamai a wata jiha.

Ranar da za ta tafi taron, ta damƙa wa Nomau filash a hannu, ta sa ya maimaita maganarta har ta tabbata ya riƙe. Ta ce folda ɗaya ce a ciki. A buga duk abin da ke cikinta, yadda yake, kada ya yarda a rage komai, kada ya yarda a canza komai. Nomau ya isa wurin Malam Jatau, aka buɗe littafin, kowane zane ya zauna a shafinsa. Malam Jatau ya yi hamdala, ya ce za a buga. Nomau ya nuna ƙananan foldojin hotuna, ya ce su ma suna ciki. Dattijon ya ce ai waɗannan su ne suka riga suka fito a shafuka, ba a buga su daban. Nomau ya ce an ce duk abin da ke ciki. Malam Jatau ya buɗe ɗaya domin ya nuna masa rashin kan gadon abin. Ashe Asabe ta zana kowane zane ne da ainihin awonsa na bango, kamu da kamu yadda Baba ya faɗa mata, shafi ne yake ƙanƙanta shi idan ya kira shi. Malam Jatau ya ce wannan ɗaya kaɗai ya fi ƙofar shagonsa girma, sai dai a rage shi ya dawo daidai takarda. Nomau ya ce an ce kada a rage komai. Aka kira Asabe, wayarta a kashe tana cikin taro. Malam Jatau ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kira shi gungume. Nomau ya zauna a kan benci, ya ce ba zai tashi ba sai an yi yadda aka ce. Daga ƙarshe dattijon ya ce shi ya wanke hannunsa, ya tura aikin ga injin da ake buga manyan fastoci. Duk abin da aka tanada domin a buga littafin da yawa a raba wa dangi, a nan ya tafi. Littafi kwafi ɗaya aka samu.

Ranar da Asabe ta dawo, ta tarar da zaure cike da manyan naɗe-naɗe kamar tabarmin masallaci. Aka gaya mata abin da ya faru. Ta ɗauki littafin, ta kai wa Baba inda yake zaune a tsakar gida da hantsi, ta durƙusa ta ɗora masa a cinya. Ya shafa bangon littafin, ya buɗe. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya juya shi wajen rana. Ya buɗe wani shafin, ya sake gwadawa. Sannan ya rufe shi a hankali, ya ce takardar tana da laushi, Allah ya yi musu albarka, sun yi ƙoƙari. Asabe ta tambaye shi abin da ya gani. Ya ce toka-toka ne, kamar an shafa hannu mai gawayi a farar riga.

Dela ta koma madafa. Asabe ta zauna a ƙasa, ta rufe fuskarta da mayafi.

Nomau yana tsaye daga nesa, yana jiran faɗan da bai zo ba. Can ya matso ya tambayi ƙanwarsa inda zai kai naɗe-naɗen, domin sun tare hanyar zaure. Ba ta ɗago ba, ta ce ya kai su duk inda ya ga fili, ya shanya su a katanga in ya so, ita dai kada ta ƙara jin maganarsu. Ya ɗauko na farko, ya hau turmi, ya warware shi daga saman katangar tsakar gida har ƙasa, ya danne bakinsa da duwatsu. Baƙin zane ne a kan fari, layukansa masu kaurin hannun mutum, dagi a tsakiya, ganye yana kewaye da shi.

Baba ya juya kansa wajen ƙarar. Ya daɗe a haka. Sai ya dafa ƙasa ya miƙe, ba tare da ya nemi hannun kowa ba, ya taka har gaban katangar, ya ja da baya kaɗan kamar yadda magini yake yi idan yana duba aikinsa.

Ya ce, "Soron Sarkin Fawa. Amma Asabe, wannan ba hannuna ba ne. Ƙafar dagin ta hagu ta yi gajarta."

Asabe ta yaye mayafinta, ta taso, ta duba. Ƙafar hagu ta fi ta dama gajarta da kusan taƙi guda.

Ta ce, "Baba, kana gani?"

Ya ce, "In ban gani ba, wa zai gaya miki kin ɓata mini aiki? Nomau, ɗauko na gaba."

Nomau ya ɗauko na gaba. Katangar tsakar gida ta cika, aka koma ta waje, aka roƙi ta maƙwabta. Tsofaffin garin suka fito suna nuna gidajen da aka haife su a ciki. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan mai kowane gida, yana yi wa Asabe gyara, a wani wurin ya yaba, a wani ya ce ko lebura ba zai yi wannan karkatar ba. Kullum da hantsi sai a fito da shi ya zaga. Kafin a yanke gero hasken ya ɗauke gaba ɗaya, amma babu zane ko ɗaya da bai gani ba.